Ƙurar da ke haihuwar taurari: me ake gani a hotunan Hubble da James Webb?

A wata majalisa da nake zama da yamma a Tudun Wada, wani ƙanenmu tela ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini wannan, wai hoton sama ne aka ɗauko." Hoton nan ne da ya daɗe yana yawo a WhatsApp: wasu dogayen abubuwa uku masu ruwan ƙasa, tsaye kamar suri, taurari sun kewaye su ta ko'ina. Ban kai ga buɗe baki ba wani dattijo da ke kurɓar shayi a gefe ya riga ni. "Kai yaro, zanen kwamfuta ne. Shekara sittin ina kallon sama, ban taɓa ganin shuɗi da ruwan lemo irin wannan ba." Aka kwashe da dariya, tela ya mayar da wayarsa aljihu.

Maganar Baba ba ta faɗi ƙasa banza ba. Launukan nan da gaske ba su ne idon mutum zai gani ba, ko da an ɗauke shi an kai shi wurin. Sai dai abin da ke cikin hoton yana nan, an auna shi, an san nisansa da zafinsa da abin da ya ƙunsa. Sai an bi ta kan ƙura kafin a gane yadda maganganun biyu suka zama gaskiya a lokaci guda, mu kuwa mutanen Kaduna ba a ba mu labarin ƙura.

Sunan abin da ke hoton Ginshiƙan Halitta. Laƙabi ne kawai da aka sa masa saboda a nan sababbin taurari ke samuwa, kada wani ya ɗauka wata da'awa ce. Wani ɗan yanki ne na wani makeken gajimaren gas da ƙura da ake kira Nebular Gaggafa, mai lamba M16, wanda nisansa daga nan ya kai tafiyar haske ta shekara 6,500. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga Kaduna zuwa Kano ba ya ɗaukarsa ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti takwas ne da 'yan kai, amma daga ginshiƙan nan sai da ya shekara 6,500 a hanya. Ke nan hasken da ya faɗa madubin ya baro gida dubban shekaru kafin mutanen Nok, can kudancin jihar nan, su fara gina mutum-mutumin yumɓunsu. Mafi tsawo a cikin ginshiƙan ya kai tafiyar haske ta shekara huɗu, kwatankwacin tazarar da ke tsakanin ranarmu da tauraron da ya fi kusa da ita. A fuskar waya bai wuce ɗan yatsa ba.

Madubin hangen nesa na Hubble, wanda aka harba a watan Afrilun 1990, shi ya fara ɗauko hoton a ranar 1 ga Afrilun 1995, bisa aikin wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Arizona, Jeff Hester da Paul Scowen. Ya sake ɗaukarsa a 2014 da sabuwar kamara. Wanda tela ya nuna mana kuwa na wani madubin ne mai suna James Webb, da ya fito a Oktoban 2022. Idan ka jera na Hubble da na Webb sai ka rantse wurare biyu ne daban. A na Hubble ginshiƙan duhu ne ƙirin, kamar katangar ƙasa, taurari ƙalilan. A na Webb sun zama shara-shara kamar mayafi, taurari ba sa ƙirguwa. Wuri ɗaya ne, shekarun da ke tsakani kuma ba su kai ƙiftawar ido ba a rayuwar irin wannan gajimare. Irin hasken da kowane madubi ya tattara ne ya bambanta.

To mene ne ma gajimaren? Kusan dukansa gas ne, haidirojin ya fi yawa, sai hiliyom. Ƙurar ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Kuma kalmar gajimare tana ruɗar mutum, domin wurin ya fi kusa da fanko. Ɗauki wuri mai santimita ɗaya ta kowane gefe, wanda bai kai dunƙulen magi ba. Iskar da muke shaƙa tana da ƙwayoyin da yawansu a wannan ɗan wuri ya kai lamba 25 da sifiri 18 a bayanta. A cikin gajimaren da ke haifar taurari, daga ɗaruruwa ne zuwa dubbai, in ya yi kauri sosai a kai miliyan. Da za a tsayar da kai a tsakiyarsa ba za ka ji komai ya taɓa fatarka ba.

Yaya aka yi abin da bai da kauri haka ya tare haske kamar bango? Wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Kawo da safiyar Janairu ya san amsar. Ka dubi tafin hannunka, iskar da ke tsakaninka da shi tas take. Ka ɗaga kai ka dubi nesa, gine-gine sun ɓace, rana ta koma kamar faifan azurfa da za ka iya zuba wa ido. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba ta da yawa a kowane taku, amma idan taku ya zama kilomita biyu sai ta zama labule, har jirage su kasa sauka. To ka mayar da kilomita biyun nan tiriliyoyin kilomita.

Ƙurar sama ta fi tamu laushi nesa ba kusa ba. Yawancin ƙwayoyinta ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, sun fi kama da hayaƙi. Wasu na kabon ne, dangin kunkunniyar da ke manne wa gindin tukunya, wasu na ma'adinan da ke cikin yashi da duwatsu. Tsofaffin taurari ne ke fesar da su a ƙarshen rayuwarsu, wasu a hankali, wasu ta hanyar fashewa.

Wannan ƙanƙanta tasu ita ce mabuɗin komai. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowane launi da tsawon zangonsa: na shuɗi gajere, na ja ya fi tsawo. Ƙwayar ƙura tana tare igiyar da tsawonta ya yi kusa da girmanta, ta watsar da ita, amma igiyar da ta fi ta tsawo sosai sai ta wuce abinta. Shi ya sa tauraron da ke bayan ƙura yake rinjaya zuwa ja, shi ya sa kuma rana ke yin jajir idan za ta faɗi. Bayan ja, a inda idonmu ya tsaya, hasken bai tsaya ba. Akwai wani mai zango mafi tsawo da ake kira infared. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800: ya raba hasken rana da gilashi ya fito kamar bakan gizo, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowane launi, da ya gusa da shi gaba da ja, inda ba a ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Kana iya gwada naka a ɗaki. Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kamarar wayarka, ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan ƙwan yana walƙiya a fuskar wayar, alhali idonka bai ga komai ba.

Hubble ya fi aiki da hasken da ido ke gani, ko da yake yana ɗan leƙa infared. Webb kuwa don infared aka gina shi. Hukumar NASA ta Amurka da takwarorinta na Turai da Kanada suka haɗa hannu, aka harba shi daga Kuru, a yankin Guyana na Faransa, ranar 25 ga Disambar 2021. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, gutsattsari 18 masu kusurwa shida da aka shafa wa zinare, na Hubble kuwa mita 2.4. Hubble yana zagaya duniya a tsayin kimanin kilomita 500, Webb yana can kilomita miliyan 1.5. Dalilin kai shi nesa shi ne duk abu mai ɗumi yana fitar da infared, har da madubin kansa. In aka bar shi da ɗumi, tamkar mai neman ƙyallin ashana ne da fitila a kunne a gaban idonsa. Don haka aka yi masa laima mai hawa biyar, girman filin wasan tanis, ta tare masa rana da duniya da wata, har sanyinsa ya wuce digiri 220 ƙasa da sifiri. Ɗaya daga cikin kamarorinsa, MIRI, sai da aka ƙara mata na'urar sanyaya ta kai kusan 266 ƙasa da sifiri.

Wannan MIRI ita ma ta ɗauki ginshiƙan, kuma ni hotonta ya fi burge ni duk da bai yi farin jinin ɗayan ba. A zangon da take kallo, yawancin taurarin sun dushe, ƙurar ce da kanta take haske. Abin da ya kasance labule a hoto na farko, ya zama taga a na biyu, a na uku shi ne fitilar.

Yanzu batun launi, inda Baba ya tsaya. Kamarorin waɗannan madubai ba sa ɗaukar hoto mai launi. Baƙi da fari suke ɗauka, suna ƙirga yawan hasken da ya sauka a kowane ɗigo. Kafin hasken ya shiga, ana sa masa mataci da ke barin zango guda kawai ya wuce. A ɗauka, a canza mataci, a sake ɗauka. Sannan a ƙasa masu haɗa hoto su ba kowane ɗauka launinsa, su ɗora su kan juna. Wayarka ma haka take yi da ja da kore da shuɗi, ita dai tana gamawa kafin ka ƙifta.

A hoton 1995 an yi wani zaɓi da ya kamata a sani. Kowane sinadari, idan haske mai ƙarfi ya buge shi, yana fitar da nasa haske a zango na musamman, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Matsalar ita ce na haidirojin ja ne, na farar wuta ma ja ne, sun yi kusa da juna ƙwarai, ido ba zai raba su ba. Sai aka bar wa farar wuta ja, aka ba haidirojin kore, aka ba oksijin shuɗi. Ke nan koren da ke hoton yana ce maka ga inda haidirojin yake, ba wai wurin kore ne ba. Da idonka zai iya tara haske kamar kamara, ja zai fi rinjaye. A hotunan Webb ma abin ya fi haka, tunda hasken gaba ɗayansa ba shi da launi a wajen ɗan Adam. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mafi gajeren zango ya ɗauki shuɗi, mafi tsawo ya ɗauki ja, sauran su jeru a tsakani kamar yadda suke a bakan gizo.

Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba. Wanda aka yi wa hoton ƙirji a asibiti bai taɓa ce wa likita ƙarya ne ba don idonsa ba ya ganin haƙarƙari. Inda nake ganin masu shakka suna da hujja shi ne akwai hannun mutum a ciki. Wani ne ya zaɓi yadda za a juya hoton, inda za a yanke shi, yadda za a ɗaga hasken wurare masu duhu, kuma hukumar da ta kashe kusan dala biliyan 10 kan madubi ɗaya tana da buƙatar hoton ya yi kyau a idon masu biyan haraji. Abin da ke kwantar da hankali shi ne ɗanyun bayanan suna ajiye a rumbun cibiyar da ke kula da madubin a Baltimore, kowa na iya saukewa, kuma masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suna haɗa nasu. Launi yana canzawa daga hannu zuwa hannu, siffar da taurarin suna nan inda suke.

Hotunan bogi kuwa suna nan, ba musu. A 2022 wani masanin kimiyyar Faransa, Étienne Klein, ya wallafa hoton yankan tsiran nama a Twitter ya ce tauraron Proxima Centauri ne Webb ya ɗauko. Wasa yake yi, amma mutane da yawa suka hau suka zauna. Akwai wata 'yar alama da ke taimakawa: taurari masu haske a hoton Webb suna da tsinke takwas, shida manya biyu ƙanana, saboda siffar madubin da sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubinsa. Na Hubble tsinke huɗu ne. Ba hujja ce yankakkiya ba, mai ƙirƙira zai iya kwaikwaya, amma idan ka ga tsinke biyar ko bakwai ka san da walakin.

Me ya sa suka yi siffar ginshiƙi? Duk wanda ya taɓa lura da jar ƙasar gefen kwari bayan ruwan Agusta ya ga ƙaramin misalinsa. Ruwa ya zaizaye ƙasa ko'ina, amma inda ɗan dutse yake zaune sai ya kare abin da ke ƙarƙashinsa, a wayi gari ga ɗan turke na ƙasa da dutse a kansa kamar hula. A Nebular Gaggafa, aikin ruwan sama wasu manyan taurari matasa ne ke yin sa, waɗanda suke sama da ginshiƙan, wajen hoton. Haskensu mai ƙuna da iskar da suke fesowa suna cinye gas ɗin da ke kewaye. Inda gas ya dunƙule ya yi kauri sai ya jure, ya yi wa na bayansa inuwa. Shi ya sa kawunan ginshiƙan duk suke fuskantar waɗannan taurarin. Farin hayaƙin da ake gani yana tashi daga gefensu gas ne da ke ƙonewa yana tsiyayewa. Wani awo da aka yi a 2015 da babban madubin Turai da ke ƙasar Chile ya nuna in aka ci gaba a haka, saura musu kamar shekara miliyan uku.

A cikin waɗannan dunƙule-dunƙulen ne tauraro ke samuwa, kuma abin mamaki sanyi ne sharaɗinsa. Gas mai zafi ƙwayoyinsa ba sa zama wuri guda, ƙarfin janyowar da ke tsakaninsu ba ya iya tara su. A nan ƙura take aikinta. Tana tare haske mai ƙuna kada ya shiga ciki, tana kuma fitar da ɗumin da ke ciki waje ta hanyar infared, har tsakiyar gajimaren ta sauka zuwa kusan digiri 260 ƙasa da sifiri. A jikin ƙwayoyinta ne ma ƙwayoyin haidirojin suke haɗuwa bibbiyu, a kansu kuma ƙanƙara take taruwa. A Janairun 2023 Webb ya nuna ƙanƙarar ruwa da ta amoniya da ta metanol a cikin wani gajimare mai duhu da ake kira Chamaeleon I. Idan sanyi ya kai haka, sai dunƙulen ya fara rufta wa kansa. Yana matsewa yana juyawa, tsakiyarsa tana zafi, abin da ya rage yana baje wa kamar faifai a kewaye. Wani kaso na gas ɗin tauraron ke tofarwa ta sama da ƙasa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, kuma waɗannan su ne jajayen zane-zane masu kama da garwashi da ake gani a bakin ginshiƙan a hoton Webb. Jajayen ɗigogin da ke kusa da su jarirai ne, shekarunsu dubu ɗari-ɗari ne kawai. Sai zafin ciki ya kai wajen digiri miliyan 10 sannan ƙwayoyin haidirojin su fara haɗewa su zama hiliyom, tauraro ya kama da gaske.

Yawancin gas ɗin ba ya zama tauraro. Ɗan kaso kaɗan ne ke samun shiga, sauran kuwa, taurarin da aka fara haifa ne ke tarwatsa shi da haskensu. Faifan da ya rage kewaye da jaririn kuwa, ƙurarsa ce ke mannewa ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, har a samu duniyoyi. Hubble ya ga irin waɗannan faya-fayai da yawa a farkon shekarun 1990 a Nebular Orion. Masana sun ce ranarmu da ƙasar da muke takawa ta wannan hanya suka bi, shekara biliyan 4.6 da suka wuce.

Wannan Nebular Orion ita na so in nuna wa Baba, domin ba ta buƙatar madubin kowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan Isha'i, ka nemi taurarin nan uku da ke jere reras a tsakiyar rukunin da malamai ke kira Jauza'u. A Kaduna kusan saman kai suke bi. Kudu da su kaɗan akwai wasu ƙanana da ke rataye, na tsakiyarsu in ka lura ba ɗigo ba ne, ɗan dishi-dishi ne kamar an shafa alli. Ita ce. Nisanta kamar tafiyar haske ta shekara 1,350, wato hasken da zai shiga idonka ya taso tun ƙarni na farko na Hijira. Ruwan toka za ka gan ta, ko da madubin hannu ne, domin idan haske ya yi rauni sassan ido masu gane launi ba sa aiki, kamar yadda jar riga da koriya suke zama ɗaya a tsakar gida cikin dare. Kaza da 'ya'yanta da ke gaba da ita ta yamma su ma a irin wannan gajimare aka haife su tare, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Wajen Maris da Afrilu kuma, in ka samu fili ba gini a gabanka, Nebular Carina tana leƙowa ƙasa-ƙasa ta kudu. A gefenta ne Webb ya ɗauko ɗaya daga hotunansa na farko da aka nuna ranar 12 ga Yulin 2022, mai kama da tsaunuka. Mutumin Landan ba ya ganin ta ko kaɗan, tana ƙarƙashin ƙasarsa, mu muna gani.

Matsalarmu ita ce lokacin Orion shi ne lokacin hazo, lokacin Nebular Gaggafa kuma tsakiyar damina ne, hadari ya rufe ko'ina. Sai a yi dakon daren da iska ta lafa, babu farin wata, an kuma ɗauke wuta a unguwa, ko a fita bayan gari ta hanyar Kachiya inda fitilu suka yi nisa. Na faɗa wa Baba haka a zamanmu na gaba. Ya ce in Allah Ya kai mu Disamba zai duba, amma ni zan sayi shayin.